A Kan Me Kike Murza Fulawarki?

Mu a layinmu ba ma yin cincin ɗin Sallah kowa a ɗakinta. Da azumi ya shiga goman ƙarshe sai mu raba kwanaki, yau gidan Hajiya Babba, gobe gidan matar liman, jibi gidan Maman 'yan biyu. Bayan an sha ruwa an yi asham kowa ta fito da abin da take da shi, wata tire, wata kwalba, wata wuƙa, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ana murzawa ana yankawa ana suya har dare ya raba. Haka muke yi in za a kai gara, ranar dubulan da alkaki. To a irin wannan zama akwai musun da ba ya tsufa a wurinmu, duk shekara sai an tayar da shi: a kan me ya fi dacewa a murza fulawa, kuma da me ake wanke wurin in an gama?

Yawancinmu 'yan tire ne. Babban tiren nan da ake sa wa amarya cikin kayan kicin, wanda ake jera abinci a kai in an yi baƙi, shi ne teburinmu. A kwaɓa a roba ko a fanteka, in kwaɓin ya haɗe jikinsa a juye a tire, a zauna a kujera 'yar tsuguno, a danna da gindin tafin hannu, a naɗo, a juya, a sake dannawa. Na sha jin yaran nan da suka yi makarantar koyon girki suna magana kamar tire abin kunya ne, kuma ban yarda da su ba. Tire ba shi da tsaga, ba shi da ramin da kwaɓi zai maƙale, ana ɗaukarsa a kai shi bakin famfo, a wanke ciki da baya, a rataye a ƙusa. Kantar kicin komai tsadarta ba ta zuwa bakin famfo.

Laifinsa dai zamewa. Kina dannawa yana gudu, rabin ƙarfinki ya tafi wajen riƙe shi da gwiwa. Maganin wannan Hajiya Babba ce ta koya mana tun muna amare.

"Ke 'yar nan, jiƙa tsumma ki matse, ki shimfiɗa a ƙasa, ki ɗora tiren a kai. In ya motsa ki zo ki same ni."

Ba ya motsawa kuwa. In an zo shimfiɗa kwaɓi da kwalba bakin tiren ya tare hanya, sai ta ce a kifa shi a yi a bayansa, amma fa a wanke bayan tukuna, domin shi ne ke zama a ƙasa kullum. Abin da ya kamata a lura da shi kawai shi ne irin ƙarfen. Akwai mai nauyi mai sheƙi wanda ba ya tsatsa, akwai kuma alminiyum marar nauyi mai lanƙwasa. Na biyun nan in kika daɗe kina murza a kansa za ki ga kwaɓinki ya yi toka-toka. Gwajin ba wuya: goge shi da farin ƙyalle mai laima, in ƙyallen ya yi baƙi to bar shi wa shanyar kuɓewa.

Amaryar da aka kawo sabon gidan kan kwana bara ita ce ta fara kawo mana zancen kanta. Kicin ɗinta tayil ne fari fat tun daga ƙasa har sama, ga doguwar kanta da magini ya zuba da siminti ya lulluɓe da ƙananan tayil.

"Anti, ku zo gidana mana, a tsaye za mu yi, ba ciwon baya."

Muka je. Wuri ya yi kyau, ba ƙarya. Amma da aka shimfiɗa kwaɓin farko aka ɗaga sai ga zanen layuka a bayansa, gida-gida, kuma kowane layi da ke tsakanin tayil da tayil ya cika da fulawa. Matar liman ta sa tsinken sakace ta bi layi ɗaya, ta nuna mata abin da ya fito. Ba ƙazanta amarya take yi ba, yarinya ce mai tsafta, kullum tana goge wurin. Simintin da ake cike tsakanin tayil da shi ne yake shan ruwa da mai, yana riƙe duk abin da ya faɗa masa, da damina kuma ya yi fumfuna ya baƙanta. Tsumma yana wucewa ta saman tayil, ba ya shiga kwarin. Abin da muka ba ta shawara, kuma shi take yi har yau, shi ne ta aika Ƙofar Ruwa a sayo mata babban tayil guda ɗaya, irin mai santimita 60 kowane gefe, mai santsi ba mai gurje-gurje ba, mai sa tayil ya goge mata kaifin bakinsa. Shi take ɗorawa a kan kantar da jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi. Fili ɗaya shimfiɗe, babu layi ko ɗaya, kuɗinsa kuma bai kai na tire mai kyau ba. Sai dai a kiyaye shi da faɗuwa.

Dutse kuwa gida ɗaya ne ke da shi a layinmu, gidan Alhajin da ke fatauci zuwa Legas. Uwargidansa mace ce mai son jama'a, in ana aikin mitfai ko cincin mai bota da yawa can muke komawa, musamman in Sallah ta faɗo a bazara. Duk wanda ya zauna Kano a watan Afrilu ya san zafi yana haura digiri 40, bota tana narkewa tun kafin ki gama murza ta cikin fulawa, kwaɓi ya saki jiki ya dinga naso. Dutse yana janye zafi daga abin da aka ɗora masa, shi ya sa ko da tsakar rana in kika dafa shi za ki ji sanyi, kwaɓin bota kuma ya tsaya da kyau a kansa. Wannan sanyin ne kuma ke zama matsala da hunturu in biredi ko donat za a yi. Yis yana son ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 30, in kika bar kwaɓi a kan dutse da sanyin asubar Janairu sai ki yi ta jira bai tashi ba, ki ɗora wa mai shago laifin sayar miki da mataccen yis. A murza a kan dutsen, a mayar cikin roba, a rufe, a kai ɗaki.

Kuma dutsen ma iri biyu ne, ko da yake masu sayarwa duk mabul suke ce musu. Mabul na gaske ɗan'uwan farar ƙasa ne, tsami yana cinsa. Lemon tsami, ruwan tsamiya, ruwan kal, in suka zuba aka bar su sai wurin ya dushe, sheƙin ya tafi ba ya dawowa da wanki. Zoɓo kuwa tabo yake bari. Giranit, irin dutsen da ke Kufena ta Zariya da duwatsun Jos, ya fi tauri kuma tsamin kicin ba ya yi masa komai. Uwargidan Alhaji ta koyi illar tsami ga mabul ne ranar da 'yar aikinta ta yanka lemon tsami a kan kanta ta bar ɓawon ya kwana, har yau da'irar tana nan. Wadda ke sha'awar dutse ba sai ta zuba kanta guda ba. Masu yanka shi suna da guntayen da ke saura in sun huda wurin sinki, a nemi guntu a ɗiga masa lemon tsami a gefe a jira kaɗan, in bai dushe ba a saya.

Amma in za a bar ni in zaɓa, katako zan ɗauka, kuma a nan ni da Hajiya Babba bakinmu ɗaya. Tana da wani allon murji da ta ce ya girmi ɗanta na fari. Ya yi duhu, ya yi sumul, tsakiyarsa ta ɗan lotsa saboda shekarun da hannu ya yi yana bi ta kai. In kika murza kwaɓin biredi a kansa za ki ji bambanci tun minti na farko. Katako yana ɗan kama kwaɓi, ba ya barinsa ya sulale, don haka kowace dannawa tana miƙar da shi, wannan miƙewa da naɗewar kuwa ita ce ke sa kwaɓi ya yi danƙo har ya iya riƙe iskar da yis ke fitarwa. 'Yar fulawar da kika barbaɗa tana zama a jikinsa, ba ta taruwa gefe guda. Ba shi da sanyi, ba shi da zafi, ba ya ƙara. Minti 10 zuwa 15 na murza a kan katako bai kai gajiyar rabin haka a kan abu mai santsi ba.

Sai dai ba kowane katako ba, kuma nan ne mutane ke cutar kansu ba su sani ba. Maman 'yan biyu ta taɓa sa mijinta ya yi mata magana da kafinta, aka kawo mata allo ja jawur yana ƙyalli, an shafe shi da fenti an bi da banish. Hajiya ta ɗaga shi ta shinshina.

"Maman 'yan biyu, wannan ai ƙofar wardirob aka yi miki. Fentin nan a cikin 'ya'yanki zai ƙare."

Kafinta ba mugu ba ne, abin da ya saba yi ya yi. Sai kin faɗa masa dalla-dalla. Katako tsantsa ake so mai tauri, maɗaci ko iroko, wanda ya bushe sosai. Obeche yana da araha da sauƙin ɗauka, amma laushi gare shi, wuƙa tana shiga, kowane yanka kuma gidan datti ne. Filawud da wannan allon da ake matse garin katako a yi, da sun sha ruwa sau biyu sai su kumbura su fara ɓarewa, ga gam a cikinsu. Ba fenti, ba banish, ba kan ƙusa a fuskar da za a yi aiki. Abin da ya fi duka muhimmanci, a tambaya a 'Yan Katako, ko na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo, a tabbatar ba a shafa masa maganin gara ko baƙin mai ba, domin yawancin katakon rufi ana shafa masa. Katakon akwatunan kaya da ake tsinta a kasuwa shi ma a bar shi, ba wanda ya san abin da aka ɗauko a kansa. A goge shi da sanfefa har tafin hannu ya daina jin tsini. In kafintan mai basira ne zai kafa ɗan siririn katako a ƙarƙashin baki ɗaya, ya kama gefen tebur, allon ba zai tura gaba ba komai ƙarfin mai murzawa.

Duk wannan musu da muke yi, akwai wata baiwar Allah da ke saurarenmu tana murmushi. 'Yar Jakara ce, aure ya kawo ta layinmu, gidansu gurasa ake yi kaka da kakanni. Ita fulawa buhu-buhu ta sani, mai kilo 50, ba kwano biyu ko uku irin namu ba. Kwaɓin gurasa ruwa-ruwa ne, a babbar roba ake buga shi da hannu, ya tashi a nan, a ɗebo a fasalta a manna a jikin tanderu. Tebur bai shigo lissafinta ba sam.

"Yaya, ku dai kuna ta dutse da katako. Mu a gidanmu doka ɗaya ce: robar gurasa ta gurasa ce. Ko ruwan alwala ba a ɗiba da ita."

Ta ce in roba ta tsufa cikinta ya yi kaushi da ƙarce-ƙarce sai a mayar da ita wanki, domin tsohon kwaɓi yana maƙalewa a ƙarcen ya tsamar da sabo kafin lokacinsa. Fanteka kuma in fentinta ya ɓantare tsatsa ta fito, an gama da ita. Buzun da ke gadin gidan Alhaji ma haka ya ce da aka tambaye shi. Su can wajen Agadas a akushi suke murza garin alkama, su binne a rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, kuma akushin ba a zuba masa wani abu mai ƙarni. Na lura duk wanda sana'arsa ko abincinsa na kullum ya rataya a kan kwaɓi, maganarsa ba ta wuce nan: abin murji ya zama nasa shi kaɗai.

Mu kuwa a nan muke da rauni, gara mu faɗa wa juna gaskiya. Tiren da aka murza cincin ɗin ƙaramar Sallah shi ne ake zube kayan ciki a kai ranar babbar Sallah. A kansa ake figar kaza, a kansa ake gyaran kifi, a kansa ake yanka albasa da attaruhu. In an yi magana sai wata ta ce, "Ai wuta za ta kashe komai." Akwai gaskiya a ciki, mai mai zafi da tanda suna kashe ƙwayoyin cuta. To amma hannun da ya taɓa tiren fa, shi ne ke ɗaukar cincin ɗin da ya huce. Yaran da ke zagaye da mu suna tsinkar ɗanyen kwaɓi suna kaiwa baki fa? Sau nawa muka kwashe suya muka baza ta a kan tiren da aka yi yankan, don ta sha iska? Bar ma zancen cuta. Bota da mai suna ɗaukar wari fiye da komai, cincin mai ƙanshin tafarnuwa ko ƙarnin kifi ba wanda zai faɗa miki a gabanki, amma an ji. Wadda ba ta da halin tire biyu, bayan ɗanyen nama ta wanke da sabulu sosai, sannan ta zuba ruwan bilic, cokalin cin abinci ɗaya a ruwa lita 4, ta bar shi 'yan mintuna, ta ɗauraye da ruwa mai yawa, ya bushe. Kada a haɗa bilic da lemon tsami ko maganin wanke banɗaki, hayaƙin da ke tashi guba ne. Allon katako kuwa kada nama ya hau shi ko sau ɗaya.

Yadda ake wankewa bayan murji, wannan wani dattijo ne ya gyara mana, yayan matar liman, wanda ya yi shekaru yana aiki a gidan biredi. Ya shigo gaida ƙanwarsa ya tarar da wata yarinya ta juye tafasasshen ruwa a tire mai kwaɓi tana ta fama da soso, abu ya zama dama-dama.

"'Yata, me kike samu in kika zuba gari a ruwan zafi?"

"Talge, Baba."

"To talge kike yi a kan tiren nan."

Dukanmu mun san haka a tukunyar tuwo, amma ba wadda ta taɓa kawo shi nan. Ruwan zafi dafa fulawa yake yi, ta yi yauƙi ta manne. Ya ce su a gidan biredi ruwa ba ya taɓa tebur sai an kankare shi tas. Kowane ma'aikaci da ɗan faifan ƙarfensa ko na roba, da shi yake yanka kwaɓi, da shi yake tattarawa, da shi yake kankarewa. A gida guntun murfin bokiti mai tsafta da aka yanke shi miƙe ya isa. A bar wurin ya ɗan sha iska, a kankare, a share busasshen da hannu a zuba wa kaji. Sannan ruwan sanyi da tsumma, a ɗauke ragowar fulawar. Sai a ƙarshe ruwan ɗumi da sabulu saboda maiƙo, a ɗauraye, a goge. Mu da muke sayen ruwa jarka-jarka wurin 'yan garuwa mun fi kowa cin ribar wannan, abin da ke cin bokiti guda yanzu kofi uku ya ishe shi. Kwatar gida ma ta huta, domin kwaɓin da ake turawa cikinta shi ke toshe ta.

Dattijon ne kuma ya hana mu yawan barbaɗa fulawa. Da kwaɓi ya kama hannu sai mu ɗebo mu watsa, mu sake watsawa, a ƙarshe biredi ya fito da nauyi, mu ce fulawar bana ba ta da kyau. Ya ce kwaɓi da farko dole ya manne, in aka ci gaba da murzawa da kansa zai saki tebur. In ya matsa, a shafa ɗan mai a hannu da wurin murjin. Wannan ya fi yi a kan ƙarfe da dutse da tayil. A katako 'yar fulawa kaɗan ta fi, domin mai yana shiga jikinsa.

Soson ƙarfe kada ya zo kusa. Yana ƙarce tire da dutse, yana cin fuskar katako, kuma siraran wayoyinsa suna karyewa su maƙale, gobe su shiga kwaɓi. Soson buhu ma da ya haɗu da ɗanyen kwaɓi ya mutu, ba ya fita, kwana biyu ya fara tsami. Allon katako ba a jiƙa shi a baho, ba a barinsa kwance a kan laima. A wanke da sauri, a goge, a jingine shi a tsaye inda iska ke bi ta gaba da baya. Da hunturu kada a bar shi a rana, iskar nan mai fasa leɓe tana fasa katako, in ya tsage kuma tsagar ba ta wankuwa. Da damina matsalar ta juya, sai ki ga ɗigo-ɗigon baƙi. Hajiya gishiri take zubawa ta dirje da rabin lemon tsami, ta ɗauraye, ta ba shi hantsi kaɗan ta shigar da shi. Wasu suna shafa wa allo man gyaɗa wai kada ya bushe. Ni ban goyi bayan haka ba, man girki in ya daɗe a jikin katako yana yin ɗaci da wari, kuma warin cikin kwaɓi yake komawa. Allon Hajiya bai taɓa shan mai da gangan ba, ga shi nan lafiya lau.

Akwai kuma tsumma. A kusan kowane kicin na layin nan akwai wani tsumma guda ɗaya mai aikin mutum goma: shi ke sauke tukunya, shi ke goge risho, shi ke tsane hannu, in miya ta zuba a ƙasa shi ne, in an zo murji kuma a ɗauko shi a "goge tire". Tiren da aka wanke tas, da wannan shafa ɗaya an mayar da shi baya. Farin ƙyalle biyu ake warewa, ko na buhun fulawa irin na yadi, ɗaya na gogewa ɗaya na rufe kwaɓi, a wanke su ranar da aka yi aiki, a shanya a rana, a ninke a sa a leda.

Matar liman kullum tana cewa mu mun iya wanki bayan aiki, ba mu iya wanki kafin aiki ba, kuma ta yi gaskiya. Tire ya kwana bakwai a jingine bayan buhun masara, a ɗauko a busa masa iska da baki a ce ai wankakke ne. Da hunturu ƙurar da ke sauka cikin dare ɗaya ta isa a rubuta suna da yatsa. Kyankyaso da ɓera kuma ba sa neman izini, inda fulawa ta taɓa nan suke kwana. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci da kwanuka, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin da ɓeraye ke shigowa gidaje neman abinci. Ba tsoratarwa nake yi ba, ɗauraya ɗaya da sabulu kafin a juye kwaɓi ba ta cin minti biyu. Haka in za a fesa fiya-fiya ko wani maganin sauro a kicin, a fitar da tire da allo waje, kanta kuma da safe a wanke ta da sabulu kafin abinci ya hau. Maganin da ke kashe kyankyaso yana sauka a kan duk abin da ke buɗe. Masu shimfiɗa jarida ko buhun taki ko takardar siminti su yi murji a kai don gudun wanki, don Allah su bari. Tawada tana fita a jikin mai, buhun taki kuma ko an wanke shi ba wurin abinci ba ne.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne zancen baya da gwiwa. Murji a tsugune yana da daɗin hira, amma waɗanda suka fara manyanta a cikinmu in suka tashi sai sun dafa bango. Ga masu taliyar murji, su dole ne ma sai da tebur, domin injin a bakin tebur ake ɗaure shi, in bakin ya cika kauri maƙallin ba ya kamawa, in ya cika siriri kuma yana girgiɗi. Da Hajiya Babba ta yanke shawarar a yi mata ɗan tebur na murji, kafinta ya zo da tef ɗinsa yana cewa akwai tsayin da aka saba yi.

"Malam, ajiye tef ɗin nan tukuna. Ba wanda aka saba yi wa zai murza ba, ni zan murza."

Ta miƙe tsaye ta saki hannuwanta, ta ce ya auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunta, ya ɗan ƙara kaɗan. Dalilinta shi ne murji da nauyin jiki ake yi, hannu a miƙe, kafaɗa a sama da kwaɓi. In tebur ya yi tsawo, irin yawancin kantocin da magina ke zubawa, damtse kaɗai ke aiki, minti biyar kin gaji. In ya yi ƙasa kuma ƙugu ne zai biya. Aka yi shi daidai ita, ƙafafu huɗu masu kauri da sanda a tsakaninsu don kada ya yi rawa, saman maɗaci ba fenti.

Hajiya doguwa ce. Ranar da aka fara aiki a kansa Maman 'yan biyu ta matso, tebur ya kai mata kusan ƙirji. Aka aika yaro ya ɗauko bulo biyu daga kangon da ke bayan gida, aka ɗora katako a kai, ta hau ta murza kwano uku ba ta huta ba.